Gubar da ke shiga ta hanci: yadda ake gwada ta, da abin da doka ta ce



Wake ya zo gida. Kowa ya san abin da ke biyo baya. In an bar shi haka nan cikin buhu, kafin ƴan watanni ƙwaro ya huda shi, sai gari da ɓawo. Shi ya sa kowace ranar kasuwa za ka ga mutane sun kewaye mai sai da magani. Wani ya sayi ƙwaya, wani hoda, wani ruwa cikin ƴar kwalba.

Akwai tambayar da manoma ke yawan yi wa malaman gona. Suna cewa: maganin nan ba mu ci ba, ba mu sha ba, cikin buhu muka sa shi, ta yaya zai cuce mu? Amsa ita ce, ta hanci. A wannan takarda za mu bayyana yadda masana ke gwada gubar da ake shaƙa, da wanda ke ba da izinin sai da ita a ƙasarmu, da abin da ya rage mu yi da kanmu.

Ƙofofi uku

Guba tana shiga jikin mutum ta ƙofa uku: ta baki, ta fata, ta hanci. Ta baki mutum yana iya kamewa. Ta fata yana iya rufe jiki, ya wanke da sabulu. Amma numfashi ba a ajiye shi. Babban mutum da ke zaune yana jan iska wajen litir 6 zuwa 8 cikin minti ɗaya. In yana aikin ƙarfi, kamar ɗaukar buhu ko tafiya da famfon feshi, abin ya ninka sau da yawa.

Cikin huhu, abin da ya raba iska da jini ya fi fatar albasa rashin kauri nesa ba kusa ba. Abin da ya kai can yana shiga jini nan da nan, jini kuma ya kai shi zuciya da ƙwaƙwalwa. Saboda haka maganin da ba ya yin komai a tafin hannu yana iya kada mutum in ya shaƙe shi. Dole a yi masa gwajinsa daban.

Abin da ake shaƙa iri uku ne. Akwai iska tsantsa, wadda ido ba ya gani, kamar wadda ke fita daga ƙwayar wake. Akwai tururin da ke tashi daga maganin ruwa in zafi ya buge shi. Akwai kuma ƙura da ƙananan ɗigon feshi da ke yawo cikin iska.

Ɗakin gwaji

Ba a gwada guba a kan mutane. Ana gwada ta a kan ɓera, wato kusu. Ba kusun rumbu ba ne, farare ne da ake kiwo musamman, an san shekarunsu da nauyinsu da abincinsu.

Wata ƙungiyar ƙasashe mai suna OCDE, wadda mazauninta ke birnin Paris, ita ta rubuta ƙa'idojin da yawancin duniya ke bi. Ƙa'idar gwajin shaƙa ita ce mai lamba 403. An kafa ta a 1981, aka gyara ta a 2009. Ga yadda take.

Ana ɗaukar ɓeraye masu lafiya, ƴan mako 8 zuwa 12. Ana raba su rukuni rukuni, aƙalla rukuni 3. A tsarin da aka saba, kowane rukuni maza 5 ne da mata 5. Kowane ɓera ana sa shi cikin wani bututu daidai jikinsa, hancinsa kaɗai ke leƙowa cikin akwatin da iskar ke bi. Dalili shi ne kada maganin ya zauna a gashinsa ya lashe, gwajin hanci ya koma gwajin baki.

Sai a turo iska mai ɗauke da maganin. Rukuni na fari ya samu kaɗan, na biyu ya fi shi, na uku ya fi duka. Ba a yin wannan da ka. Ana ɗibar iskar a bakin hancin ɓerayen ana aunawa, don a tabbata abin da aka rubuta shi ne suka shaƙa. In ƙura ce ko feshi, ana niƙe ta ƙwarai, ta zama mikoron 1 zuwa 4. Mikoron 1000 ke yin milimetir ɗaya, kuma kaurin gashin kai ya kai mikoron 50 zuwa 100. Ana yin haka domin ƙura mai kauri tana tsayawa a hanci da maƙogwaro, mai laushi ce ke isa ƙasan huhu.

Ɓerayen suna shaƙa awa 4. Bayan nan a mai da su mazauninsu, a sa musu ido kwana 14. Ana rubuta komai: wanda ke haki, wanda ke rawar jiki, wanda ya bar cin abinci, wanda ya rame, wanda ya mutu da ranar da ya mutu. A ƙarshe ana buɗe cikin kowane ɗaya, a duba huhu da sauran kayan ciki.

Ku lura da kwana 14 ɗin nan. Masana sun san wata guba ba ta nuna kanta ranar fari. Dabba tana iya fita lafiya, huhunta ya cika da ruwa bayan wasu awoyi. Haka yake ga mutum.

Lambar da ake nema

Duk wannan aiki lamba ɗaya ake nema. Wane yawan guba ne cikin iska ke kashe rabin ɓerayen? Da faransanci ana rubuta ta CL50. Dabarar auna guba da mutuwar rabi ta fito ne daga wani masanin Ingila mai suna Trevan, a 1927.

Ga misali don a gane. A ce rukuni na fari ɓera 1 ya mutu cikin 10, na biyu 4, na uku 9. To yawan da ke kashe 5 cikin 10 yana tsakanin na biyu da na uku, kusa da na biyu. Da lissafi ake fitar da shi.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne: ƙaramar lamba, babbar guba. Maganin da kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe rabi ya fi wanda sai an tura da yawa haɗari.

Iska tsantsa ana auna ta da kashi cikin miliyan. Kashi 1 cikin miliyan kamar dala ɗaya ce cikin dala miliyan ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari ɗaya na jera guba a 2003. A cikinsa, iskar da ke kashe rabin ɓeraye da kashi 100 cikin miliyan ko ƙasa da haka tana aji na 1, mafi muni. Har zuwa 500, aji na 2. Har zuwa 2500, aji na 3. Har zuwa 20000, aji na 4.

Iskar ƙwayar wake sunanta fosfin. A wani gwaji da aka buga a 1975, kashi 11 cikin miliyan ya kashe rabin ɓeraye cikin awa 4. Wasu gwaje-gwajen sun ba da lamba da ta ɗan fi haka, amma ajin bai canza ba. Fosfin tana aji na 1.

Yawa da daɗewa

Me ya sa ake ambaton awa 4 kullum? Domin yawan guba kaɗai ba ya ba da labari duka. Sai an haɗa da tsawon lokacin da aka yi ana shaƙa. Wani Bajamushe mai suna Haber, wanda ya yi aikin iskar guba a yaƙin duniya na fari, ya bayyana wannan a 1924. Ya nuna kaɗan na tsawon lokaci yana iya yin ɓarnar da mai yawa ke yi cikin ɗan lokaci. Ƙa'idar ba ta yin daidai ga kowace guba, amma tana nuna hanya.

Manomi ya san wannan daga ruwan sama. Yayyafin da ya kwana yana sauka yana jiƙa ƙasa kamar mamakon awa ɗaya. To ɓeran gwaji awa 4 yake yi. Wanda ya kwana a ɗakin da aka sa ƙwaya awa 8 yake yi, gobe ma ya sake, jibi ma haka.

Shi ya sa ake da gwaji mai tsawo. Ƙa'ida mai lamba 412 ta kwana 28 ce, mai lamba 413 ta kwana 90. A nan ɓeraye suna shaƙar ɗan kaɗan, awa 6 a yini, yawanci kwana 5 a mako, kamar ma'aikaci. Ana ajiye rukuni ɗaya da ke shaƙar iska mai kyau don kwatanci. A ƙarshe ana duba jininsu, ana yanka huhu da hanta da ƙoda siriri a duba da madubin likita. Abin da ake nema a nan ba mutuwa ba ne. Ana neman yawan da bai yi wata illa ba ko kaɗan.

Daga ɓera zuwa mutum

Mutum ba ɓera ba ne. Masana sun san haka, shi ya sa ba sa ɗaukar lambar ɓera su ɗora wa mutum kai tsaye. Al'adarsu ita ce su raba ta gida 10 saboda bambancin dabba da mutum, su sake raba ta gida 10 saboda mutane ma ba ɗaya suke ba: akwai yaro, akwai tsoho, akwai mai ciki, akwai mai ciwon ƙirji. Suna kuma haɗawa da abin da likitoci suka gani ga ma'aikatan da suka taɓa shaƙa.

Daga nan ake sa iyaka ga wurin aiki. Ga fosfin, dokar Amurka ta sa kashi 0,3 cikin miliyan a yinin aiki na awa 8, wato ko kashi ɗaya bai cika ba. Tarayyar Turai ta sa 0,1. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce in ta kai kashi 50, rai yana cikin haɗari nan take. Waɗannan iyakoki kuma na manya ne masu lafiya, ba na jariri ba.

Gwajin yana wahal da dabbobi, kuma masana ba su rufe ido a kan haka ba. Tun 1959 wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka yi kira a rage yawan dabbobin, a rage musu azaba, a nemi abin da zai maye gurbinsu. Ƙa'ida mai lamba 436, ta 2009, tana amfani da maza 3 da mata 3 a kowane mataki. Wata kuma, mai lamba 433, tana tsayawa da an ga alamun ciwo a fili, ba sai an jira mutuwa ba. Ana kuma renon tsokar hanyar numfashi ta mutum cikin ƴan kwanoni a ɗakin bincike, a busa mata magani a ga abin da zai faru.

Wa ke ba da izini?

Kamfanin da ya yi maganin shi ke biyan kuɗin gwaji. Amma ba a yarda da takardarsa sai in ɗakin binciken ya bi ƙa'idojin aiki da OCDE ta kafa a 1981, waɗanda suka ce a rubuta kowane mataki, a ajiye, don mai bincike ya zo ya duba.

Ƙasa ɗaya ta Sahel ba ta da isassun masana da za su karanta dukan waɗannan takardu. Sai ƙasashen suka haɗa kai. Ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa a 1973 lokacin babban fari, ta amince da doka ɗaya kan magungunan ƙwari a 1992. Aka gyara ta a 1999 a Njamena. A ƙarƙashinta aka kafa kwamitin masana mai suna CSP, da ofishinsa a Bamako, ya fara aiki a 1994. Nijar tana cikin ƙasashe 9 da suka soma wannan tafiya.

Dokar ta ce kamfani ya kawo takardun gwajin baki, da fata, da hanci, da ido, da illar maganin ga kifi da zuma da tsuntsaye. Ya kuma nuna an gwada shi a gonakin Sahel ya yi aiki. A ƙasarmu irin wannan gwajin gona aikin masu bincike ne kamar na INRAN. In takardu sun gamsar amma da sauran bayani, a ba da izinin wucin gadi na shekara 3. In sun cika, a ba da cikakken izini na shekara 5, wanda ake sabuntawa.

Izini ba na har abada ba ne. In an gano illar da ba a sani ba da, ana janye shi. Haka aka hana endosulfan a ƙasashen Sahel a 2007, aka hana parakwat a 2011.

A cikin gida, Nijar ta yi dokar kare tsirrai a 1996, ta sake sabuwa a 2015. Ma'aikatar kare tsirrai, wadda ake kira DGPV, ita ke lura da shigo da magani da sai da shi. Mai sai da maganin ƙwari sai da takardar izini. Amma iyakarmu da Najeriya doguwa ce, hanyoyin daji da yawa, ma'aikata kaɗan. Magani mai yawa yana isa kasuwanninmu ba tare da kowa ya duba shi ba. A nan idon mai saye ne ya rage.

Ƙwayar wake: mu yi lissafi

Ƙwayar nan mai launin toka, wadda aka fi sani da sunan Phostoxin ko da wani kamfani ne ya yi ta, nauyinta garam 3. Da ta haɗu da danshin iska sai ta soma narkewa, ta saki fosfin garam 1 cikin ƴan kwanaki. Abin da ya rage toka ce.

Garam 1 na fosfin, in an tsare shi cikin wuri mai metir 1 a tsawo, metir 1 a faɗi, metir 1 a tsayi, yana ba da wajen kashi 720 cikin miliyan. Yanzu mu ɗauki ɗaki irin namu, metir 4 da metir 3, tsayi metir 2 da rabi. Ya yi irin wancan wuri sau 30. Mu raba 720 gida 30. Ya ba da 24.

Wato ƙwaya ɗaya tak, in duk iskarta ta taru a ɗakin, tana ba da kashi 24. Wannan ya ninka iyakar ma'aikacin Amurka sau 80. Ya kuma ninka abin da ya kashe rabin ɓeraye a gwajin 1975 sau biyu. In buhu 10 ne, kowane da ƙwayarsa, lissafi ya kai 240.

Gaskiya ne ba duka ke taruwa lokaci ɗaya ba, wata tana fita ta ƙofa da rufi. Amma yaushe muke ajiyar wake? Lokacin da sanyi ke shigowa, lokacin da ake toshe taga da tsumma, a rufe ƙofa tun magariba. Buhun saƙa ba ya riƙe iskar. Leda mara kauri ma tana bari ta wuce. Tana bin tsagar bango ta shiga ɗakin da ke maƙwabtaka. Ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, masu kwana a tabarma kuwa suna ƙasa. Yaro kuma, in an kwatanta da nauyin jikinsa, ya fi babba jan iska. Shi ya sa yara ke fara faɗuwa.

Abin ya faru har a ƙasashen da ke da manyan likitoci. A 2010, a jihar Yuta ta Amurka, yara mata biyu ƴan gida ɗaya sun mutu bayan an zuba irin wannan magani cikin ƙasa kusa da gidansu don kashe ɓeraye. A shekarar nan hukuma ta hana amfani da shi a kewayen gidajen zama. A 2017, a garin Amarillo na jihar Teksas, yara 4 sun mutu bayan an sa maganin ƙarƙashin gida, aka kuma watsa masa ruwa da nufin wanke shi. Ruwan ne ya saki iskar gaba ɗaya.

Har yau fosfin ba ta da makari. Likita yana iya ba da iskar taimakon numfashi, ya sa ruwa, ya tallafi zuciya. Babu allurar da ke karya gubar.

Abin da gwaji bai gani ba

Ɗakin gwaji ana riƙe shi a zafin digiri 22 ko kusa da haka. A nan Arewa, a watan Afrilu, zafi yana wuce 40. Zafi yana sa maganin ruwa ya yi ta tashi ya zama tururi. Ɓeran gwaji ƙoshi yake da lafiya. Manomi yana iya yin feshi da yunwa, ko da zazzaɓi. A gwaji magani ɗaya ake turawa. A kasuwa wani yana haɗa biyu ko uku cikin kwalba ɗaya.

Mafi girma duka shi ne wannan. Gwaji da izini an yi su ne don wata hanyar amfani, wadda aka rubuta a jikin maganin. Ƙwayar fosfin an yi ta don ma'aikatan da aka horar, su turara sito da ba kowa a ciki, da tamfol na musamman, da abin auna iska, da takunkumi mai gwangwanin tace ta. Ba wanda ya gwada ta don ɗakin kwana, ya ce ta yi.

Haka piya-piyar da ake ɗurawa cikin ƴan kwalabe ana yayyafawa a ɗaki don sauro, ko cikin wake. Yawanci diklorbos ne ke ciki, wanda hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa a ajin masu haɗari ƙwarai. Yana saurin zama tururi. Kwalbar ba ta da takarda, ba a san ƙarfinsa ba, ba a san abin da aka gauraya ba. Maganin da ba a gwada ba, a jikin mai amfani da shi ake gwada shi, shi da iyalinsa. Kuma ba mai riƙe da alƙalami yana rubutawa.

Har kasuwa abin yana taɓawa. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan diklorbos da aka samu a ciki.

Karanta takardar jikin magani

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai tsare rai. Kafin ku biya kuɗi, ku duba abu huɗu.

Na ɗaya, lambar izini. Doguwa ce, tana ƙarewa da APV-SAHEL ko HOM-SAHEL. In babu ita, maganin bai bi ta hannun kwamitin ba.

Na biyu, layin launi a ƙasan takarda. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Amma kore ba ya nufin a shaƙa. Jerin OMS an gina shi a kan gwajin baki da fata, magungunan turare irin fosfin kuwa an ware su a jeri na daban.

Na uku, hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu. Ma'anarsa kisa.

Na huɗu, kalmar faransanci INHALATION. Ma'anarta shaƙa. In kun ga MORTEL kusa da ita, shaƙarsa tana kisa. TOXIQUE guba ce mai ƙarfi. NOCIF yana cutarwa. Ku rubuta waɗannan kalmomi huɗu a allon aji, kowa ya san su.

Abin kiyayewa

1. Kada a sa ƙwaya a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da shi, ko kusa da garken dabbobi.
2. Kada a sayi ƙwaya ɗaya ɗaya a ƙulle cikin leda. Tana sakin iska tun a aljihu.
3. Kada ruwa ya taɓa ta. Tana sakin iska da ƙarfi, tana iya kama wuta.
4. Rawani da ƙyalle suna rage ƙura, ba sa tare iska ko tururi.
5. Kada a dogara da wari. Ƙwayar tana warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma hanci yana sabawa, kuma wani lokaci warin ya tafi guba tana nan.
6. In banki na hatsi ko sito na ƙungiya yana bukatar turare, a kira ma'aikacin kare tsirrai ko birgadiyen da aka horar. A rubuta gargaɗi a ƙofa, a sa kwaɗo.
7. Mai feshi ya yi da safe ko da yamma, iska tana kai maganin nesa da shi, ba ta dawo masa da shi ba. Yara da mata masu ciki su yi nisa.

In wani ya shaƙa

Alamun su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, tari, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya. Suna kama da zazzaɓin sauro ko ɓacin ciki, shi ya sa ake ruɗewa. In mutum biyu ko uku na ɗaki ɗaya sun kwanta dare ɗaya, ko kaji sun mutu a wurin, a tambaya ko an sa magani. Haka kuma a tambaya ko an kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, don hayaƙin gawayi ma yana kisa ba tare da wari ba.

A fitar da kowa waje, har wanda bai ji komai ba. A buɗe ƙofa da taga, kada a tsaya ciki. A kwantar da marar lafiya, kada a sa shi tafiya da ƙafa in akwai amalanke ko babur. Kada a ɗura masa nono ko mai. A kai shi likita nan da nan, tare da kwalin maganin ko sunansa. Ko ya ce ya ji sauƙi, a kai shi. Ku tuna ɓeraye ma kwana 14 ake sa musu ido.

Hanyar da ba guba

Ƙwaron wake ma numfashi yake yi. In an hana shi iska, ya bar ci, ya bar haihuwa, ya mutu. A kan wannan aka yi buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da masu binciken Afirka, har da na INRAN a Maraɗi, aka soma yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa. A shanya wake ya bushe sarai, a duba ledar ba huda, a cika, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. A ɗora a kan katako, nesa da ɓera. Bido ko duro mai murfi da ke rufuwa gam, in an cika shi har baki, haka yake yi. Irin wannan buhu ana iya kwana da shi ɗaki ɗaya, a buɗe a dafa ranar nan.

Kuɗinsa ya fi na ƙwaya a ranar saye. Amma in an kula da shi yana yin shekara fiye da ɗaya, kuma kuɗin amalanke zuwa likita da dare ya fi shi.

Don tattaunawa a aji da wurin sauraron rediyo

A garinku, ina ake ajiye waken da aka sa wa magani? Wa ke kwana kusa da shi?

Ku auna ɗakin ajinku da metir, ku yi lissafin ƙwaya ɗaya kamar yadda muka yi a sama. Nawa kuka samu?

Ranar kasuwa mai zuwa, mutum biyu su duba magani 10 a wurin masu sayarwa. Nawa ne ke da lambar SAHEL? Ku kawo wa malamin gona amsa, za mu karanta ta a shirin gona.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma karanta wa matan gida, don su ke shiga ɗakin ajiya kullum. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ci amfanin da muka noma.

Malamin gona, Ɗan Kassari